Alwyn Tregenza da Takunkumin Shekarar Ɓeraye

Alwyn Tregenza mutum ne da in ka ce masa ina kwana, sai ya dubi hannunka kafin ya amsa. Ba rashin mutunci ba ne, aiki ne ya mai da shi haka. Ya fi shekara talatin yana naɗe bututun tururi, da fari a jiragen ruwan da ke zuwa lodin alkama a Wallaroo, garinsu na bakin teku, daga baya a wata tashar lantarki can arewa. Abin da suke naɗin da shi asbesto ne, wani farin abu mai laushi kamar auduga. Su yanka shi da zarto, su kwaɓa shi da hannu, ƙurarsa ta sauka a kan burodinsu su kaɗe su ci. Duk likita ko jami'i mai farar riga da ya leƙo wurin aikin a wancan zamani cewa yake ba ya komai. Yau mutanen da Alwyn ya fara aiki da su, in yana son gaishe su sai dai ya je maƙabarta. Shi nasa ciwon ya zo da sauƙi. Huhun ya yi tabo ya ƙandare, in ya hau bene sai ya tsaya a tsakiyar matakala yana yi kamar akwai abin da yake dubawa a bango. Tun daga nan ya daina yarda da magana, ko ta wa ce.

Mutanen garin ma ba su gama yarda da shi ba, kuma dalilinsu yana bayan gidansa, cikin wani ɗakin kwano da ya gina da hannunsa. Takunkuman yaƙi yake tarawa, irin na roba da aka raba wa farar hula lokacin yaƙin duniya na biyu, da ake tsoron za a sako iskar guba daga sama. Na farkon na mahaifiyarsa ne. Bayan ta rasu ya tarar da shi ƙarƙashin gado cikin kwalinsa mai igiya. Da shi ta taho daga Ingila tana amarya, ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Daga nan abin ya kama shi. Yana da na Ingila, da na Rasha masu launin toka, da na yara ja da shuɗi, har da wani ƙato kamar jaka da ake saka jariri ciki gaba ɗaya ana buga masa iska da hannu. Kowanne an ɗora shi a kan dunƙulen katako mai siffar kai, an shafe shi da hoda don kada robar ta tsage, an rufe shi cikin akwatin gilashi. In ka shiga ɗakin sai ka ga idanu sun yi maka caa ta kowace kusurwa.

Matarsa Glenys garken aladu take kiransu, saboda dogon hancin. Maƙwabta kuwa kowa da tasa. Wasu suka ce tashin duniya yake jira, wasu suka ce ai akwai abin da ya sani wanda gwamnati ke ɓoyewa. Akwai shekarar da wani ya kai ƙara, ɗan sanda ya zo ya duba, ya sha shayi, ya tafi yana tambayar ko akwai na sayarwa. Alwyn bai taɓa sanin wanda ya kai ƙarar ba, don haka ya raba zargin daidai wa daida tsakanin gidajen layin, ya ci gaba da gaishe su duka da ka.

Doka ɗaya ce a ɗakin: ba mai kai takunkumi fuskarsa. Gwangwanin da ke hancin kowanne, wanda shi ke tace iska, da yawa daga cikin na wancan yaƙi da asbesto aka yi cikinsu, kuma shekaru sun sa abin ya ruɓuɓɓushe. Wanda ya shaƙa ta ciki, ƙurar yake ja. Alwyn ba a littafi ya san wannan ba.

A shekarar da ɓeraye suka yi yawa, bayan girbi, aka yi gwanjon wata gona kusa da garin Bute. Tsohon mai gonar ya mutu, 'ya'yan suna birni, sai aka baje komai a fili layi-layi kamar yadda aka saba: garmuna, tankuna, gadaje, sannan kwalayen tarkace da ake sayarwa kwali guda yadda yake, ba zaɓe. Matan coci sun kafa rumfa suna sayar da shayi da burodi mai nama. Ranar Juma'a ce, rana ta buɗe, ga iska.

A wani kwali kusa da ƙarshen layi ya gan shi. Jakar tamfol ce launin ƙasa, kwance a kan wasu kwalaben adana 'ya'yan itace. Ya ɗaga bakin jakar da yatsa ɗaya, ya leƙa. Takunkumi ne na masu gadin unguwa, waɗanda aka ɗora wa kula da kashe fitilu lokacin da ake tsoron jiragen Japan, kuma ƙirar nan gida ce, ba ta Ingila ba. Roba mai kauri, idanu biyu na gilashi, ko tsaga babu. Ya daɗe yana neman irinsa. Sau ɗaya ya taɓa ganin wani, shi ma a gidan tarihi.

Bai sake kallonsa ba. Mai tara kaya ba ya duban abin da yake so sau biyu a wurin gwanjo, don kowa idon ɗan'uwansa yake bi. Kuma ya riga ya hango wani ɗan birnin Adelaide mai gashi ɗaure a ƙeya, wanda ke saye ya sayar, yana tahowa daga ɗaya bakin layin. Sai Alwyn ya yi abin da duk ɗan wannan harka zai yi. Ya durƙusa kamar mai gyara igiyar takalmi, ya tura jakar can ƙasa, ya jero kwalaben a kai tsaf. Ɗan Adelaide ya zo, ya ga kwalabe, ya wuce.

Wadda ba ta wuce ba wata doguwar mace ce mai malafa da takalman gona. Ta ɗaga kwalba ɗaya, ta duba bakinta a rana, ta mayar.

Da mai gwanjo ya iso kwalin, Alwyn ya yi gum. Wannan ma ƙa'ida ce: ka bar ƙananan masu taya su gaji, sai ana shirin buga gudumar rufe ciniki ka ɗaga yatsa kamar ba ka so. Matar ta taya, wata ta ƙara, matar ta sake. Daidai nan wata a-kori-kura ta bi ta bayan jama'a ta tada ƙura, tari ya turnuƙe shi, irin tarin da ke naɗe mutum gida biyu. Kafin ya ɗago da hawaye a ido, guduma ta sauka, jama'a sun yi gaba.

Ya same ta tana ɗaure kaya a bayan motarta.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Kin yi sa'ar kwalabe."

"Na yi." Ba ta juyo ba.

"Akwai wani tarkace a ƙasan kwalin, tsohuwar roba ce. Kada ki wahalar da kanki, bari in ɗauke miki in ba ki ɗan na shayi."

Nan ta juyo. "A ƙasan kwalin? Ni da na saya ban san abin da ke ƙasa ba. Kai idonka huda kwali yake yi?"

Ta kwashe kwalaben, ta zaro jakar, ta buɗe. Alwyn ya so ya riƙe hannunsa, hannun ya ƙi. Ya karɓa, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido yana neman hatimin shekara a gefen kunci, ya shafa robar da babban yatsa kamar mai shafa kan jariri. Sai da ta fizge abinta ya tuna cewa tarkace ya ce.

"Haka kuke shafa tarkace a gidanku?" in ji ta.

"Ba shi da wani amfani, gaskiya nake gaya miki."

"A wurina yana da shi. Ɓeraye sun mai da min rumbun hatsi masai. Na gwada shara da ƙyalle a hanci, na fito ina amai. Litinin zan koma ciki, ga abin da nake nema ya kawo kansa har mota."

"A'a. Kada ki soma. Gwangwanin nan asbesto ne a cikinsa. In kika yi shara kina haki ta ciki, ƙurarsa huhunki za ta zarce kai tsaye."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ɗazu tarkace ne, yanzu ya zama guba. In na ƙara tsayawa bam zai zama. Dattijo, matsa daga jikin ƙofa."

Matan rumfar shayi ne suka gaya masa sunanta. Marlene Linke. Mijinta ya rasu bara waccan, ita ke riƙe da gonar, kuma tun rasuwar ba irin ɗan cutar da bai zo mata da murmushi ba, daga mai son sayen tarakta a banza zuwa mai cewa rufin gidanta zai faɗo.

A gida, Glenys ta saurari labarin tana fere dankali, ba ta katse shi ba har ya gama.

"To, wa ya jera kwalaben a kai?"

"Ba wannan ce maganar ba."

"Ita ce maganar, tsoho. Da ka bar shi a sama, da mai gashin nan ya saya ya rataye a shago, ba wanda zai shaƙa. Kai ka yi wa kwalin kwalliya har ya ja idon matar mutane. Sannan ka buɗe baki da ƙarya, kana so a yarda da gaskiyar da ta biyo bayanta. Kai da aka yi maka haka, yarda za ka yi?"

"Kowa haka yake yi a gwanjo."

"Kowa a garkenku."

Ya fita ya zauna a ɗakin kwano. Abin da ya fi cin ransa bai gaya mata ba. Shi kansa bai tabbata ba ko huhun matar yake tunani ko robar nan mai kauri. Duk sanda ya runtse ido, tare suke zuwa.

Washegari ya sayi takunkumin zamani a shagon kayan noma, irin na masu feshi, ya kama hanyar gonar Linke. Matattun ɓeraye sun yi wa kwalta tabo-tabo. Tun daga bakin shinge wari ya tare shi. A tsakar gida ya tarar da ita tare da wani gajere mai tumbi, jingine da mota, gwangwanin giya a hannu. Kelvin ke nan, ƙanen marigayi mijinta.

"Shi ne?" in ji Kelvin.

"Shi ne."

"Lallai. Har gida."

Alwyn ya ajiye sabon takunkumin a kan murfin motar. "Wannan aka yi don aikin da za ki yi. Riƙe shi, ki ba ni tsohon in kawar da shi."

"Ya kawar da shi!" Kelvin ya buga cinya. "Marl, kin ji ko? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutum ya ƙona mai tun daga Wallaroo, ya sayo sabo fil, don ya karɓi tarkace. Ai jiya na duba a waya. Akwai mahaukata irinsa a Amurka da za su yi rububi a kai. Ki yi shararki da shi, in kin gama ki ba ni in nemo miki mai saye."

"Shararta da shi ita ce matsalar, aboki."

"Ni ba abokinka ba ne. Abin da aka ƙera don gubar yaƙi, kashin ɓera ne zai gagare shi? Wannan robar leda da ka kawo ko atishawa ba za ta tare ba."

Alwyn ya kalli Kelvin ya ga wanda ya riga ya raba kuɗin a ransa. Ya kalli Marlene ya ga ita ma ta gani, kuma shi ma a wannan mudun take auna shi. Ya sake gwada bayani, amma numfashi ya gaza masa a tsakiya, maganar ta fito guntu-guntu kamar ta wanda ke shirya ƙarya yana tafe. Ta ɗauki sabon takunkumin ta jefa masa ta tagar motarsa.

"Ba na karɓar kyautar da ban san abin da ke bayanta ba. Ka rufe min shinge in ka fita."

Ran Lahadi bai ci abincin kirki ba. Glenys ta dawo daga coci ta tarar da shi inda ta bar shi.

"Ka ce ba ka son komai sai lafiyarta," in ji ta tana cire takalmi. "To ka daina neman ta ba ka. Ka je ka toshe mata gwangwanin da gam, ka bar mata abinta."

Ya ɗago kamar ta zage shi. Akwai masu yin haka, ya sani. Su ɗura gam ɗin kafinta a ramukan gwangwani ciki da waje har ya daskare, iska ba ta shiga, ƙura ba ta fita. Mahauta yake kiransu. Ya taɓa daina magana da wani tsohon abokinsa na Kadina a kan wannan. A wurin mai tarawa na gaske, abin da ya rayu shekara tamanin yadda ya fito daga masana'anta, in ka ɗura masa gam ka kashe shi. Shi ya sa nasa suke bayan gilashi, ba wanda ya taɓa ɗiga musu komai.

"Glen, irinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar nan."

"Huhu kuma biyu ne da ita. Na je ɗora abinci."

Litinin da sassafe ya isa gonar. Bai je ƙofar gida ba. Ya ajiye mota a bakin rumbun, ya sauke tsintsiyar tura ƙasa da shebur, ya rataye sabon takunkumi ɗaya a ƙusa bakin ƙofa, ya ɗaura wani da ya ƙaro, ya shiga. Rumbun ƙato ne, na kwano, daɓensa siminti. Kashin ɓera da ruɓaɓɓen sha'ir sun kai idon sawu, in ka taka sai wasu su watse ta ƙarƙashin ƙafarka. Ya lura kusurwar hagu a share take tas har siminti na gani. Ya ɗan tsaya a kanta, sannan ya fara daga dama.

Ya cika baro na farko ke nan ta iso, jakar tamfol a kafaɗa.

"Wa ya ba ka izini?"

Ya tura baron ya wuce ta, ya juye a rami, ya dawo.

"Da kai nake. In kuɗin aiki kake jira ba ni da shi. In kuma jira kake in ajiye jakar nan ka ɗauke, ka yi asarar safiyarka."

Ya ci gaba da shara. Ta daɗe a tsaye tana kallonsa, tana kallon abin da ke rataye a ƙusa. Can ta je ta saka jakar a motarta, ta kulle, ta ja ƙofar ta tabbatar, ta cusa makullin a aljihun wando. Ta dawo ta cire sabon takunkumin, ta juya shi ciki da bai, ta shinshina.

"Don dai kada ka faɗi a rumbuna a ce ni ce," in ji ta, ta ɗaura.

Suka duƙufa aiki. Ita ke loda baro, shi ke turawa, daga baya ta karɓe turin, don ta ga yana tsayawa a hanya. Kafin rana ta take, Alwyn ya fita ya zauna a kan kifaffen bokiti, ya janye takunkumin. Ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa, leɓɓansa sun yi duhu. Ta fito ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Taba?"

"Ban taɓa sha ba."

"To mene ne?"

Ya nuna motarta da haɓa. "Abin da ke cikin gwangwaninki. Na wurin aiki ne nawa."

"Wannan ma shiryawa ka yi?"

"Na shirya. Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai nake shirya shi, don dai in zo in cuce ki."

Ba ta yi dariya ba. Ta tafi gida ta dawo da shayi a butar zafi da kofuna biyu. Sai da ya sha rabi, numfashin ya daidaita, ya je motarsa ya ɗauko robar gam da safar hannu da jiƙaƙƙen tsumma ya jera a kan wata ganga.

"Ba na so ki ba ni. Ki riƙe abinki, ki rataye a bango ko ki sayar, ke ta shafa. Toshe shi kawai zan yi yadda ba mai iya shaƙa ta ciki."

"In ka toshe, me zai rage?"

"Roba da gwangwani. Wurin masu tarawa kuwa ya mutu."

"Kai ka faɗa."

Tana rufe baki motar Kelvin ta shigo da ƙura. Ya hango robar gam tun kafin ya kashe inji, ya fito da gudu tumbi na rawa.

"Marl! Kada ki bari! Na karanta, wallahi in aka liƙe shi ya tashi aiki, ba mai kallonsa. Ba ki gane ba? Ya ga ba zai samu ba ne, shi ne yake so kowa ya rasa!"

Marlene ta dubi Kelvin, ta dubi Alwyn. Karo na farko ke nan da bakin mutanen biyu ya zo ɗaya a kan wani abu. Ta je ta buɗe mota, ta kawo jakar, ta ajiye a kan gangar, amma ba ta saki igiyar ba.

"Zuba," in ji ta. "Ina kallonka."

Fuskarsa take kallo, ba hannun ba. Ya sa safa, ya zaro shi a hankali, ya shafe gwangwanin da jiƙaƙƙen tsumma. A rana robar ta fi yadda ya gan ta a gwanjo kyau. Ga hatimin nan ɓaro-ɓaro, 1942. Ya kifa shi, ya ɗora bakin robar gam a kan ramukan, ya tsaya. Kelvin na ta zagi a gefe. Alwyn ya matsa. Farin gam ya malala ya cika ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya tumbatsa, ya gangaro ta kan fentin. Ya juya ya ɗura ta ciki ma, har ya ga ba sauran kafa.

Da ya ɗago, Marlene ta riga ta saki igiyar. Kelvin ya tofar da yawu, ya ce ba ruwansa da gidan nan kuma, ya ja motarsa.

Wurin mayar da shi jaka ne Alwyn ya ga igiyoyin ɗaura shi a kai. Ran gwanjo a sake suke, a naɗe yadda aka naɗe su tun farko. Yanzu an ja su sun matse daidai ƙaramin kai, kuma ga dogon gashi guda mai furfura maƙale a ƙarfensu. Ya zare gashin, ya riƙe shi tsakanin yatsu biyu.

"Kusurwar hagun nan, yaushe aka share ta?"

Ta ɗauki kofinta. "Gwadawa na yi."

"Gwadawa a gaban madubi, ko gwadawa da tsintsiya?"

"Shayinka zai huce."

Ya juya ya dubi kusurwar ta bakin ƙofa, yana auna ta da ido irin na wanda ya san shara. Ba aikin ɗan lokaci ba ne. Ko da ƙyalle ta share ta tun farko, ko jiya ce da wannan a fuska, ko rabi da rabi, ita kaɗai ta sani, kuma ya ga ba za ta faɗa ba.

Can ta ce, tana kallon cikin kofin, "In mutum ya shaƙi kaɗan, yaushe ake ganewa?"

"Ba yanzu ba. Shekara ashirin, talatin. Ko likita ya ɗauki hoton ƙirjinki gobe ba abin da zai gani. Da yawa sun shaƙi fiye da haka sun mutu da tsufa. Wasu kuma kaɗan ya ishe su. Ki dai gaya wa likitanki ya sani."

"Ba ka iya lallashi ba."

"Ban iya ba."

Ta shiga lissafi a ranta, ya ga leɓɓanta na motsi. Sai ta kaɗa kai, ta zubar da ragowar shayin a ƙasa.

"Nan da shekara talatin ai ina ƙarƙashin ƙasa ko da shi ko ba shi. Za ka iya ƙarasawa, ko in kira matarka ta zo ta kwashe ka?"

Ya iya, da hutawa. Bai gama ranar ba, ya dawo washegari, da jibi, har siminti ya fito daga bango zuwa bango suka wanke shi da ruwan magani. Ba ta ba shi takunkumin ba, shi ma bai tambaya ba. A kan kabad ɗin kicin ta ɗora shi, da busasshen gam a hanci. Duk sanda ya shiga shan ruwa, sai ta san yadda ta yi ta tsaya tsakaninsa da kabad ɗin.